Sa Hannun Malam Husaini

Keffi, Fabrairu 2007

Zuwa ga Yayata Anjelina,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kina lafiya, ya aikin asibiti, ya sanyin Gembu? Ni ma lafiya lau, sai ɗan ciwon bayan nan da acaba ta bar mini. Paulina da yara suna can Panda gidan mahaifinta kamar yadda kika sani. Na je na gan su makon jiya, Vera ta yi mura amma ta warware.

Bayan haka, Yaya, ki gyara zama kafin ki ci gaba: ƙanenki ya yi mota. Saƙon da kika aiko ta hannun Ezra direba ya iso, na haɗa da abin da na samu da na sayar da babur, na sayi Golf ɗin Malam Husaini, abokin Baba na Gangaren Tudu. Ita dai wadda kika sani, mai ruwan toka. Tun da aka hana acaba a cikin Abuja na tattaro na dawo gida, ban yi barci mai daɗi ba sai ranar.

Malam ne ma ya fara maganar. Na je gaishe shi, ya ce ƙafafunsa sun kumbura, ba ya iya taka kuloci, kuma gara ta koma hannun ɗan gida da ta ruɓe a ƙofar gida. Mu biyu ne a zaure ranar da na kai kuɗin. Na miƙa masa a leda, ko buɗewa bai yi ba, ya tura ƙarƙashin buzu ya ce, "Ɗan Yosiya ba zai cuce ni ba." Ya ba ni makulli da takardu, ya sa mini albarka, na taso.

Jiya na je ofishin lasin. Ashe takardun duk sun mutu, lasin da inshora, don Malam ya daɗe bai fita da ita ba. Ma'aikacin ya ce kafin a mayar da mota sunana sai na kawo takardar ciniki wadda mai sayarwa ya sa wa hannu, da hotonsa, da kwafin katin shaidarsa. Sannan in je kotu in yi rantsuwa, in biya wajen 'yan sanda su tabbatar ba ta sata ba ce. Duk sauran zan iya. Na farkon ne ya tsaya mini a wuya.

A tasha kuma shugaban direbobi ya ce zai ajiye mini layin Keffi zuwa Nyanya, amma sai ya ga sunana a takarda, ko kuma mai motar ya zo da kansa ya ce ni direbansa ne. Yaya, da kin ga hanyar nan yanzu! Haya ta kori ma'aikata daga Abuja, sun cika Mararaba da Masaka, har Keffi wasu ke kwana. Da safe kafin ka buɗe ƙofa mota ta cika. Surukina kuwa ya ce ranar da na fara fita, ranar zan zo in ɗauki iyalina.

To ga tambayata. Ta yaya zan tsaya gaban mutumin da bai ƙirga kuɗina ba, in zaro takarda in ce ya sa hannu? Ga shi kuma jikin nasa ba daɗi. Ki ba ni shawara.

Ni ne ƙanenki,
Zakka

*

Gembu, Maris 2007

Ƙanena Zakka, mai mota,

Na ga wasiƙarka, na gode wa Allah da kake lafiya. Ni ma ƙalau, sai dai hannuna ya tsage don wanki da ruwan sanyi. Ka gaishe da Paulina in ka je, ka ce ta riƙa sa wa Vera hula.

Da na karanta labarin motar sai da na yi guɗa a ɗakin ma'aikata, har Zulaihatu abokiyar aikina ta shigo da gudu tana tsammanin haihuwa aka yi. Na ce mata kusan haka ne. Kai ɗin da ka taɓa shiga shagon mai tsire da keken Baba, yau kai ne za ka ɗauki rayukan bayin Allah a titin Abuja! Ubangiji ya tsare su ya tsare ka.

Maganar takarda kuwa, ka saurare ni da kyau. Kada ka kuskura ka je wa Malam Husaini da biro a hannu kamar mai karɓar haraji, alhali yana kwance. A cikin motar nan ya ɗauko gawar Baba daga asibiti, ko kuɗin mai bai karɓa ba. Tun muna yara, in ya dawo daga kasuwar Nasarawa sai ya tsaya ƙofar gidanmu ya sauke mana rake. Irin wannan mutumin ba a nuna masa ana shakkar maganarsa. Ka riƙa zuwa gaishe shi, ka bari ya ji sauƙi. In ya miƙe, shi da kansa zai tuna, ko kuma ka ce masa mutanen ofis ne suka matsa maka, ba kai ba.

Mota dai tana hannunka, ba gudu za ta yi ba.

Yayarka,
Anjelina

*

Keffi, ƙarshen Maris 2007

Yaya Anjelina,

Ina gaisuwa. Muna lafiya. Ezra yana tsaye yana jirana da lodin da zai koma da shi, shi ya sa za ki ga rubutun ba yawa.

Na bi shawararki. Ban fara fita ba, mota tana nan gindin mangwaro. Kullum a Gangaren Tudu nake wuni, sai yamma nake dawowa. Maganar takarda ban tayar da ita ba tukuna. Sauran bayani sai na samu zama.

Zakka

*

Gembu, Afrilu 2007

Zakka,

Ina fatan kana lafiya. Ni ba na jin daɗi sosai, amma ba ciwon jiki ba ne.

Layi huɗu ka rubuto mini, na karanta su har na haddace. Na ce ka bi dattijo a hankali, ban ce ka shimfiɗa tabarma ka kwanta ba. Ezra ya ce ya ga motar, kaji sun mayar da ƙarƙashinta ɗaki, ganyen mangwaro ya rufe gilashi. Kuma wai kullum a Gangaren Tudu kake wuni. Gaisuwa ce ake wuni ana yi? Kada ka manta ni na goya ka. Na san abin da ke Gangaren Tudu ban da gidan Malam, na san rumfar 'yan karta da ta cinye maka shekarar da ka bar makaranta.

Bashin ƙungiyarmu na ci na aiko maka, duk wata ana cire shi daga albashina kafin in gan shi. Ban faɗa maka ba don ba na son gori, amma yau na faɗa. Matarka tana zaune gidan ubanta da yara, 'yan'uwanta suna kallonta. Ko ni ba ka ji tausayina ba, ka ji nata.

Ka tashi ka yi abin da ya kamata. Kada ka sake rubuto mini sai da labarin ka ɗauki fasinja.

Anjelina

*

Keffi, Mayu 2007

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri. Jikina lafiya. Kin ce kada in rubuto sai na ɗauki fasinja, ki yi haƙuri na saɓa.

Malam Husaini ya rasu. Wasiƙarki ta same ni bayan an yi addu'ar bakwai, don ruwa ya tsare Ezra a hanya.

Ba karta nake yi ba, Yaya. Jikin Malam ne ya rikice, ya kai ba ya iya juyawa da kansa. Babban ɗansa Akram yana aiki a Abuja, sai ƙarshen mako yake zuwa. Matarsa Huraira ba za ta iya ɗaga shi ba, yaranta kuma ƙanana ne. Ni nake ɗaga shi in kai shi bayan gida, in dawo da shi, in juya shi in gefe ɗaya ya gaji. Abin da nake wuni ina yi ke nan. Laifina ne da ban rubuta miki sosai ba, amma na yi kuka da na karanta taki. Ban riƙe ki a zuciya ba, faɗa miki kawai na yi.

Takardar cinikin tana aljihuna duk kwanakin nan. Wani mai buga takardu a bakin kotu ya buga mini, har ta yi laushi don zufa. Akwai ranar da Malam ya ɗan farfaɗo, ya sha kunu, ya dube ni ya ce, "Ɗan Yosiya, kamar da magana a bakinka." Hannuna har ya kai aljihu. Sai na ga yadda nasa hannun yake rawa a kan ludayi, na ce, "Ba komai, Baba, sauƙi nake maka fata." Ya ce Allah ya yi mini albarka. Daga ranar bai ƙara samun kansa ba.

Ranar jana'iza na tsaya gefe har suka gama salla. Kafin a ɗauki gawa, Liman ya ɗaga murya ya ce duk wanda yake bin mamaci bashi, ko akwai wata amana ko wani ciniki tsakaninsu, ya faɗa, ko ya samu iyalinsa kafin a yi bakwai. Wani mai taki ya matso ya yi magana, Akram ya ce ya ɗauka a kansa. Abin ya ba ni mamaki ƙwarai, na ce a raina wannan wane irin rashin kunya ne, gawa tana kwance ana maganar taki. Kin san mu, ko cokalin mamaci ba a ambata sai makoki ya watse an share gida. An sake shelar ranar uku, an sake ranar bakwai, duk ina zaune a kan tabarma ina amsa gaisuwa tare da su. Ban ce komai ba. Ai ni ba na bin Malam bashi, sa hannu ne kawai.

Na yanke shawarar in bari su yi arba'in, hankali ya kwanta, sannan in samu Akram. Shugaban direbobi ya ce zai ƙara mini haƙuri kaɗan. Paulina tana gaishe ki, ta rame.

Ƙanenki,
Zakka

*

Gembu, Yuni 2007

Ƙanena,

Ina gaishe ka, ina kuma yi maka gaisuwar Malam. Allah ya ji ƙansa, ya raya abin da ya bari. Lafiyata ƙalau.

Ka yafe mini. Na zage ka kana ɗauke da mara lafiya, ni da na san nauyin wannan aikin fiye da kowa. Na zauna a bakin gado da wasiƙarka na rasa inda zan sa kaina.

Amma Zakka, ba wannan ne ya hana ni cin abinci ba. Na karanta wa Zulaihatu wurin shelar nan, sai ta dafe ƙirji ta ce, "Shiru ya yi?" Ta ce a wurinsu wannan shela ba rashin kunya ba ce, gata ake yi wa mamaci, don kada ya kwanta da haƙƙin wani a wuyansa. Mai takin nan da ka ga kamar bai da ta ido, shi ne ya kyauta wa Malam. Ta ce bayan shela sai a tattara duk abin da ke sunan mamaci a lissafa shi cikin gado, wanda kuma ya yi shiru sau uku, maganarsa ta baya tana yin rauni. Ta tambaye ni wa ya shaida cinikin. Na ce ku biyu ne a zaure. Sai ta tashi ta tafi duba marasa lafiya.

Kada ka jira arba'in, kada ka jira komai. Ranar da wannan ta same ka, ka tafi wurin Akram, ko Abuja ne ka bi shi. Ka faɗa masa komai tun daga farko.

Na nemi hutu an hana, mu biyu ne kawai a ɗakin haihuwa. Ko an ba ni ma, hanyar gangara dutse ta zabtare, motoci suna kwana a can. Na hau tudun da ake samun layin waya har sau biyu, lambar maƙwabcinka ba ta shiga. Ina nan zaune ina rubuta maka abin da ban san ranar da zai iso ba.

Yayarka,
Anjelina

*

Keffi, Yuli 2007

Yaya Anjelina,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina lafiya, zazzaɓi ya ɗan taɓa ni amma na tashi. Maganar yafewa ta wuce, kada ki ƙara tayar da ita.

Ban kai ga zuwa wurin Akram ba, shi ya zo wurina, tun kafin wasiƙarki ta iso. Ya yi sallama da ladabi, ya gode mini a kan jinyar mahaifinsa har idonsa ya kawo ruwa. Sannan ya ce, "Yaya Zakka, ana shirin rabon gado. In ka gama da motar da Baba ya ara maka, sai mu mayar da ita gida a yi mata kuɗi."

Da ƙyar na ce masa ba aro ba ne, saya na yi. Ya daɗe yana kallona, ba kallon raini ba, kallon wanda aka ɗora wa kayan da bai shirya ba. Ya ce mahaifinsa bai taɓa faɗa masa ba. Ya ce ko akwai wata takarda. Na zaro wadda ke aljihuna, ya buɗe, ya ga wurin sa hannu fari fat. Ya ninke ya mayar mini da hannu biyu.

Kin san Malam da ba da aron mota. Biki, haihuwa, kai mara lafiya, kowa a unguwar ya taɓa karɓar makullin nan, ni ma na sha karɓa. Don haka duk wanda ya gan ta a ƙofar gidana aro ya ɗauka. Ni kuma ban yi ta yayata na saya ba, na ce sai sunana ya hau takarda tukuna, kada baki ya yi yawa. Mutanen Panda kaɗai suka sani, su ma daga bakin Paulina.

Mun je wurin Liman, shi ne mai rabon. Dattijo ne mai sanyin magana. Ya ce, "Ɗana, na gan ka a jana'iza, na gan ka ranar uku, na gan ka ranar bakwai. Me ya hana ka magana?" Na ce kunya. Ya girgiza kai ya ce, "Ni ban ce ƙarya kake yi ba. Fuskarka ba ta mai ƙarya ba ce. Amma a cikin magadan nan akwai marayu ƙanana. Ba ni da ikon in ɗauki dukiyar maraya in ba wani don fuskarsa ta yi mini." Akram ya ce da rabonsa ne shi kaɗai da ya bar mini. Ya ce sun duba ɗakin Malam ba su ga wasu kuɗi ba, sai rasiɗan magani da na kwanon da aka sake wa rufin ɗakin yara.

Saura Huraira. Liman ya ce wataƙila ta san wani abu, amma tana takaba, ba zai tara mata maza a kan maganar dukiya ba sai ta fita. An dakatar da rabon motar har lokacin, makulli kuma yana hannun Liman.

Na koma ofishin lasin, ko akwai wata hanya. Ma'aikacin ya ce in mai mota ya rasu, magada ne za su sa hannu, da takardar kotu. Wani da ke zaune a bakin ƙofa ya biyo ni waje ya ce in kawo takardar, shi zai sa hannun Malam, ba wanda zai gane. Na tsaya na yi ta kallonsa, Yaya, ba zan ɓoye miki ba, na daɗe a tsaye. Sannan na tafi.

Layin Nyanya an ba wani. Shugaba ya ce in na shirya zai duba mini. Na je Panda, surukina bai tambaye ni komai ba, ya dai sa aka kawo mini ruwa kamar baƙo.

Zakka

*

Gembu, Agusta 2007

Ƙanena Zakka,

Ina gaisuwa, ya ƙarfin jiki? Ka sha maganin zazzaɓin har ya ƙare, kada ka tsaya a rabi kamar yadda ka saba.

Na gode wa Allah da ba ka ba mutumin nan takardar ba. Da ka bayar, da yanzu a kurkuku nake rubuta maka.

Na yi tunani har kaina ya yi ciwo. Ka kai maganar kotu. Zan rubuta cewa ni na aiko da kuɗin, Ezra zai shaida shi ya kawo. Na san wannan bai nuna Malam ya karɓa ba, Zulaihatu ma ta faɗa mini, amma ba ni da wani abu a hannu sai shi. Na kuma san abin da za a ce a gari, 'ya'yan Yosiya sun kai marayun Malam Husaini ƙara. Na rubuta wannan layin na soke, na sake rubutawa. Ban sani ba, Zakka. Ni ce mai ba ka shawara tun kana rarrafe, yau ga shi ta ƙare mini.

In Huraira ta fita ka je da ladabi. Kada ka roƙe ta, ka bari ta faɗi abin da ta sani.

Yayarka,
Anjelina

*

Keffi, Satumba 2007

Zuwa ga Yayata Anjelina,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya, ni da Paulina da yara, duk muna Keffi yanzu. Na san za ki yi murna da wannan, ki yi, amma ki karanta har ƙarshe.

Wasiƙarki ta maganar kotu ta zo an riga an gama. Ko da ta zo da wuri ba zan iya ba. Na tambayi wani lauya ɗan cocinmu, ya ce shari'ar za ta iya shekara biyu motar tana tsaye, kuma ba ni da shaida. Ga Rahamatu 'yar autan Malam, in ta gan ni da gudu take zuwa ta riƙe mini ƙafa.

Huraira ta fita takaba, aka zauna a zauren nan dai. Ta ce ba ta ga ciniki ba, ba za ta ce ta gani ba. Amma ranar da na tafi da motar, Malam ya shigo da leda ya ce mata, "Ɗan Yosiya ya rage mana nauyi," kuma a makon aka sayo kwano. Ta ce zuciyarta ta ba ta na saya, ba za ta ci haƙƙina ba. Na sunkuyar da kai don kada a ga idona.

Liman ya ce maganarta gaskiya ce a kanta, amma ba ta hau kan sauran magada ba. Abin da ta amsa, daga rabonta zai fita. Rabon matar mamaci tumuni ne, wato ɗaya cikin takwas. Akram ya ce shi ma ya bar mini nasa. Sauran na yara ne, su biyar, ba mai ikon taɓawa. Don haka, Yaya, ƙanenki yana da wani yanki na mota. Na zagaya ta na rasa ko ƙofofin ne nawa ko tayoyin.

Aka ce ko a sayar a ba ni kasona, wanda ko babur mai kyau ba zai saya ba, ko in sayi kason yaran, da me? Sai Akram ya kawo hanya ta uku. A sabunta takardu da sunansa a madadin magada, ya kai ni tasha ya ce ni direbansu ne, in riƙa fita da ita, kullum in kai wa Huraira balas na kason yara. Ya faɗa yana kallon ƙasa. Liman ya ce in je in yi shawara. Na ce ba sai na je ba, na yarda.

Tare muka je ofishin lasin. Abin da ya gagare ni tun Fabrairu, a wuni biyu aka gama. Ni na riƙe masa jaka yana sa hannu. Shugaban direbobi ya ba ni layin Masaka, na fara fita, ana samu ba laifi. Abin da ake cire miki zan riƙa turo miki kaɗan-kaɗan ta hannun Ezra, kada ki ce a'a.

Ranar Asabar na je Panda ɗauko su. Na wanke motar tas. Yara suka fito suna tsalle, matan gida suna yi wa Paulina barka da motar mijinta. Ita ta san yadda aka ƙare, amma ba ta faɗa musu ba, ni ma ban faɗa ba. Surukina ya sa babbar riga ya ce zai bi mu ya ga likitan ido a Keffi. Ya zauna a gaba kusa da ni, yana shafa kujera yana cewa Allah ya sa albarka. Tun da na auri 'yarsa bai taɓa yi mini hira irin ta ranar ba.

Daf da shiga gari 'yan sanda suka tsayar da mu. Na miƙa takardu da lasisina. Ɗan sandan ya duba wannan, ya duba wancan, ya leƙo ta taga ya ce, "Suna bai zo ɗaya ba. Motar wa?"

Na ji Paulina ta daina motsi a baya. Na ce, "Ta marayun Malam Husaini ce, ranka ya daɗe. Ni direba ne."

Ya miƙo mini takardun ya ce mu wuce. Surukina ya janye hannunsa daga jikin kujera ya ɗora a gwiwa. Muka iso ƙofar asibiti. Da zai sauka, sai ya laluba aljihun babbar rigarsa, ya ciro kuɗin mota ya ajiye mini a gaban sitiyari.

Ki gaishe da Zulaihatu.

Ni ne ƙanenki,
Zakka